Tsakuwa a matsarmamar ɗiyata 'yar shekara 7, an ce bututu ya kumbura: mu yarda a yi aiki?

Baban Nana, Mabera

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ni tela ne a Mabera. Karatu nake yi a nan, ban saba rubutu ba, amma yau abin ya fi ƙarfina.

Ɗiyata ta biyu, Nana, shekararta 7. Tun tana 'yar shekara 4 take fama da ciwon ciki mai zuwa ya tafi. Gefen dama take nunawa, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ta ce har baya yake sukarta. In ya taso sai amai, ta ƙi abinci, ta naɗe wuri ɗaya. Bayan 'yan kwanaki ya lafa, ta tashi ta koma wasanta da Islamiyya, kowa ya manta. An ba ta maganin tsutsar ciki, an ce taifot ne anka yi allurai, wani mai kemis har olsa ya ce.

Bayan ƙaramar Sallah, lokacin da zafi ya yi tsanani, ciwon ya dawo da abin da ba mu taɓa gani ba. Idonta ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, kashinta ya yi fari-fari, da dare kuma ta yi ta susa har jikinta ya yi sawun farce. Inna, mahaifiyata, ta ce ciwon shawara ne, anka jiƙa rawaya tana sha. Ido ya washe, munka yi hamdala. Ba a jima ba ya sake dawowa, wannan karon da zazzaɓi da rawar sanyi. Ƙanen matata ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne, shi ya matsa lallai a yi hoton ciki.

Mai hoton ya ga ƙananan tsakuwoyi a matsarmama. Ya kuma ce bututun da ke ɗauko ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji ya buɗe ƙwarai, faɗinsa milimita 26. Ya rubuta wani suna da alamar tambaya, ƙanen matata ya karanta mani, wai kolidokal sist. An ba mu takarda zuwa sashen tiyatar yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, an ce da wuya a kauce ma aiki.

To jama'a, ni a sanina tsakuwar matsarmama ciwon manya ne, mata masu jiki da sunka haihu da yawa. Ina yarinya ta samo ta? Matata na zargin tsakuwar shinkafa, ni kuma ina tunanin ruwan da muke saye wurin 'yan garuwa. An gwada jininta, AS ce, ba sikila ba. Inna ta ce muddin tana raye ba za a sa ma jikarta wuƙa ba, kuma ni ban taɓa ƙetare maganarta ba. Takardar na cikin aljihuna. In ina ɗinki sai in tsaya da ƙafa bisa keke, in rasa abin da nake tunani. Duk wanda ya san wani abu game da wanga ciwo, don Allah ya ba ni haske.

Ummu Abdul, Arkilla

Wa alaikumus salam Baban Nana. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Yara na yin tsakuwa, ni shaida ce. Ɗana sikila ne, SS, yana shekara 11 aka gano tasa. Irin yaranmu dama idonsu bai rabuwa da ɗan ɗorawa, ciwon ciki kuma abokin zamansu ne, don haka duk lokacin da ya yi kuka da ciki kowa cewa yake ciwon ne ya motsa. Sai wata likita ta lura cewa bayan ya ci abu mai maiƙo yake tasowa, ƙosai ko soyayyen nama, ta tura mu hoto. Matsarmamar cike take da ƙananan tsakuwoyi baƙaƙe.

Aka cire matsarmamar gaba ɗaya. Kafin aikin sai da aka ƙara masa jini, aka sa masa ruwa, bayan aikin kuma aka yi ta kula da numfashinsa, saboda masu sikila ƙirji ne abin tsoronsu bayan tiyata. Yanzu yana aji biyu a babbar sakandare. Tuwo, fura, nama, duk yana ci. Watannin farko ne kawai in ya ci mai da yawa cikinsa ke ɗan sakewa.

Ni dai na ku ya ɗan bambanta da namu, tunda mu ba a ce bututu ya kumbura ba. Ka sake gwajin jinin nan a babban asibiti, na san waɗanda aka ce ma AS daga baya aka ga SS ne ko SC. Maganar Inna kuma, kada ka yi jayayya da ita a gida. Ka ɗauke ta ku tafi asibitin tare. Surukata ma haka ta yi, sai da ta ji da kunnenta.

Alhaji na Gwadabawa

Malam, kak ka yi gaggawar kai ɗiya ga wuƙa. Mi za a yanka ga ɗiya 'yash shekara bakwai? Ƙanena anka yi ma aikin ciki yana da ƙarhinai, bai tashi ba, har yau abin na raina. Maganar tsohuwarka ba ta banza ba ce, tun kakanni rawaya anka sani ga shawara, kuma kai da bakinka ka ce ido ya washe. Akwai kuma man zaitun da lemun tsami. Na ga wanda yas sha da dare, da sahe ya hidda tsakuwoyi koraye, da idona nig gane su. Ka jaraba wanga tukun, in bai yi ba asibiti na nan.

Likitar yara, Sakkwato

Malam Baban Nana, sannu da jinya. Ban ga Nana ba, ban ga hoton ba, don haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin likitan da zai duba ta ba. Amma bayaninka ya fito sarai, zan iya amsa yawancin tambayoyinka.

Ka kwantar wa maman Nana da hankali: tsakuwar shinkafa da ruwan garuwa ba su da hanyar shiga matsarmama. Abin da aka haɗiye ta hanji yake bi ya fita. Wannan tsakuwar a ciki take ƙulluwa, daga ruwan matsarmamar kansa. Hanta ce ke yin ruwan, matsarmama ta adana shi, idan an ci abinci mai maiƙo ta matso shi ta bututu zuwa hanji. Shi ne ke ba kashi kalarsa. Idan hanya ta toshe, kashi ya yi fari, ruwan ya koma cikin jini, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, fata ta yi ƙaiƙayi. Duk alamun nan huɗu ka lissafa su.

Tsakuwar manya da ka sani yawanci ta kitse ce, wato kolestarol. Ta yara a ƙasarmu mafi yawa ta sikila ce. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, launin da ke fita daga cikinta ya yi wa hanta yawa, ya daskare ya zama baƙar tsakuwa irin ta ɗan Ummu Abdul. A Najeriya ana ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, shi ya sa da mun ga tsakuwa a yaro jini muke fara dubawa. AS ba ya fasa jini haka, saboda haka na goyi bayan a maimaita gwajin. Sannan ka faɗa wa likitoci sunan alluran taifot ɗin da aka yi mata. Akwai seftiriyazon, allura ce mai amfani ƙwarai, amma tana iya tara laka a matsarmamar yaro ta fito a hoto tamkar tsakuwa, ta kuma wanke da kanta makonni bayan an daina.

To amma allura ba ta buɗa bututu ya kai milimita 26. Na yarinya mai shekarunta bai kamata ya wuce milimita 3 zuwa 4 ba, na babba ma wajen 6 ne. Tsakuwa a cikin yaro alama ce, dole a tambayi abin da ya kawo ta, kuma a wurin Nana bututun ne abin dubawa. Abin da mai hoton ke zato kumburin bututu ne da ake haihuwar yaro da shi. A yawancin masu shi, bututun matsarmama da na fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, suna haɗewa tun kafin inda ya kamata. Ruwan fankiriyas mai narkar da abinci sai ya riƙa hawa cikin bututun, ya raunana bangonsa, ya buɗe. Ruwa ya kwanta a wurin, tsakuwa ta ƙullu, ƙwayoyin cuta su samu mazauni. Ciwo ne da ba kasafai ake gani ba, ya fi yawa a Japan da gabashin Asiya, kuma 'yan mata sun ninka maza sau 3 zuwa 4. Wani likitan Japan, Todani, ya kasa shi gida 5 a 1977. Mafi yawa kumburin a wajen hanta yake, wanda shi ya fi sauƙin gyara. Akwai wanda ke cikin hantar kanta, cutar Caroli, wannan kulawarsa daban ce. Kuma tsakuwa da ta maƙale a ƙasan bututu ita ma tana buɗa shi. Hoton MRCP, wani nau'in MRI ne da ba yanka, shi zai bambance waɗannan. Za a kuma gwada aikin hanta da ciwon hanta na A da B da C.

Idan ya tabbata, cire matsarmama kaɗai bai isa ba. Ana cire ta tare da ɓangaren bututun da ya kumbura, a jawo hanji a ɗinke shi da lafiyayyen bututun da ke fitowa daga hanta. Kai tela ne, ka san yadda ake yanke inda yadi ya ruɓe a haɗa da mai kyau. Babban aiki ne, ba zan ce maka babu haɗari ba. Amma barin sa ya fi haɗari: zazzaɓin bututu mai maimaituwa, kumburin fankiriyas, taurin hanta, sannan bangon kumburin na iya rikiɗewa ya zama ciwon daji idan ta girma, haɗarin kuma ƙaruwa yake da shekaru. Yaran da aka yi wa aikin da wuri yawancinsu suna girma lafiya, su yi aure su haihu, sai dai a ci gaba da zuwa ana duba su.

Baba Alhaji, Allah ya jiƙan ƙanenka, ya sa ya huta. Tsoronka na wanda ya ɗanɗana ne. Amma ka yi mani izini in yi bayani. Ciwon shawara ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai na ƙwayar cutar hanta da ke warkewa da kansa, ko an sha rawaya ko ba a sha ba. Na Nana na toshewa ne, kuma irin wannan toshewar takan buɗe ta sake rufewa. Tsakuwa ta gusa, ido ya washe, ta dawo, ido ya koma. Hantar da ke cikin wannan hali ba a son a ɗora mata jiƙe-jiƙe. Koraye-korayen nan da ka gani kuwa gaskiya ne ka gan su, amma man zaitun ne da ruwan lemun suka haɗu da ruwan hanji suka dunƙule. An auna irinsu an ga mai ne, in an ɗumama su narkewa suke. Ga yarinya mai tsakuwa a bakin bututu, shan mai da yawa na matse matsarmama da ƙarfi ya tura tsakuwar ta toshe hanya. Don Allah kada a ba ta.

Malam, abu mafi gaggawa: zazzaɓi da rawar sanyi tare da ɗorawar ido alama ce ta ƙwayoyin cuta a cikin bututu, suna iya shiga jini cikin sa'o'i. In ta sake yin haka, ko da tsakar dare ne, sashen gaggawa na yara za ka nufa, kada ka jira ranar asibiti. Kuma takardar nan kada ta kai mako mai zuwa a aljihunka.

Goggon Amir, Runjin Sambo

Likita, Allah ya saka da alheri. Baban Nana, ka gode wa Allah da Nana ke da baki tana nuna inda ke mata ciwo. Namu jariri ne.

Ɗan yayana ne. An haife shi lafiya, yana shan nono sosai, har ƙiba yake. Idonsa ya yi ɗorawa tun kafin suna, aka ce ai jarirai duk suna yi, a riƙa fito da shi hantsi. Aka yi arba'in ido bai washe ba. Kashinsa fari-fari ne, amma uwar haihuwar fari ce, ta ɗauka haka kashin mai shan nono yake, tsofaffin gida kuma suka ce nonon ne. Fitsarinsa na ɓata zani da rawaya. Da wanzami ya yi masa 'yar tsaga a ciki saboda cikin ya fara girma, jinin ya ƙi tsayawa, wannan ne ya kai mu asibiti. Yana wata 5 a lokacin. Likitoci suka ce bututunsa a toshe yake tun farkon rayuwa, akwai aikin da ake yi amma lokacinsa ya wuce, hanta ta riga ta taurare, sai dashen hanta a ƙasar waje. Ba mu da wannan ƙarfin. Allah ya karɓi abinsa bai cika shekara biyu ba.

Tun daga nan duk gidan barka da na shiga sai na tambayi mai jego kalar kashin jariri. Wasu na ganin na cika shisshigi, ban damu ba.

Likitar yara, Sakkwato

Allah ya sa mai ceto ne, Goggo. Ki ci gaba da tambayar nan, aiki kike yi babba.

Wannan ciwon daban yake da na Nana. Sunansa biliyari atireshiya, bututun ne ke shafewa a makonnin farko, yana samun kamar jariri 1 cikin 10,000 zuwa 20,000. Aikin da aka ambata maku shi ne na Kasai, sunan likitan Japan Morio Kasai da ya fito da shi a shekarun 1950. Ya fi yin nasara kafin jariri ya cika kwana 60, bayan kwana 90 kuma nasarar na raguwa ƙwarai. Mu a nan arba'in ɗin jego kaɗai ta cinye kwana 40 daga ciki. Taiwan tun 2004 take ba kowace mai jego kati mai hotunan kalar kashi don ta riƙa gwadawa da na jaririnta, kuma hakan ya sa ana kawo yaran da wuri. Duk jaririn da ɗorawar idonsa ta wuce kwana 14, ko kashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ke rina zani, a kai shi a auna jini, a nemi a raba bilirubin, sinadarin da ke sa ɗorawar ido, gida biyu. Hantsi ba ya maganin wannan.

Jinin da ya ƙi tsayawa kuma dalilinsa bitamin K ne. Sai da ruwan matsarmama hanji ke iya tsotsarsa, shi da bitamin A da D da E. Baban Nana, wannan ya shafe ku: kada a yi wa Nana tsaga ko ƙaho ko cire haƙori a gida.

Baban Nana, Mabera

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Goggon Amir, na karanta ma matata rubutunki, ta yi kuka. Allah ya ba ku haƙuri.

Ummu Abdul, dabararki ta yi. Ban ce ma Inna komai game da aiki ba, cewa na yi ta raka mu ta riƙe mani Nana a layi. Da munka shiga ita ta fi ni tambaya. Ta ce ma likitan, in an cire matsarmama da mi yarinya za ta narka abinci, kuma za ta haihu? Ya ce hanta ke yin ruwan, zai ci gaba da sauka hanji, mahaifa kuma ba a zuwa kusa da ita. Ya juyo da takarda ya zana mata hanta da bututu da inda ya kumbura. Ta daɗe tana kallon zanen. A cikin Keke Napep muna komawa ta ce in an tashi aikin ita za ta kwana da ita, ba uwarta ba, tunda uwar na da goyo. Rawaya kuma ta daina jiƙawa da kanta. Alhaji, na gode da kulawarka, amma man zaitun ɗin ba za mu ba ta ba. Ka sa mu a addu'a.

Gwajin jini ya sake nuna AS, ciwon hanta babu. An yi MRCP, kumburin a wajen hanta yake, likitan ya ce irin na farko ne cikin gida 5 ɗin nan da Likita ta ambata. Sun ce sai ɗorawar ta ƙara sauka, an ba ta maganin ƙwayoyin cuta da allurar bitamin K, sannan a sa rana. An ce mu tanadi masu ba da jini, ƙannena biyu da yaron shagona sun riga sun ce suna nan. Kuɗi ne sauran. Na sa keken ɗinkina na biyu a kasuwa, limamin unguwarmu kuma ya ce in kai takardun asibiti Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha in nemi taimako.

Likita, tambaya ɗaya ta rage. Kafin ranar, mi za mu riƙa ba ta? Ta rame, kuma tana son ƙosai da awara, uwar na hana ta tana kuka.

Likitar yara, Sakkwato

Alhamdu lillahi, Malam. A gaishe da Inna.

Kada a hana ta abinci, ana son ta shiga aikin da ƙarfinta. Soye-soye ne za a ajiye tukuna, ƙosai da awara da soyayyen nama da miya mai mai da yawa. A ba ta kunu da koko, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa mai ɗan mai kaɗan, alala maimakon ƙosai tunda waken take so, kifi ko kaza dafaffe, ayaba, kankana, gwanda. Kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi a cika mata kwano. Ruwa mai tsabta sosai, da zafin nan na Sakkwato. Kada a sayo mata maganin ciwo a kemis, ko farasitamol ne sai adadin da likitocinta suka rubuta. A yanke mata farce saboda susa. Ranar da za ku kwanta ka tafi da duk hotunan da sakamakon gwaje-gwajen a jaka ɗaya, masu ba da jinin kuma su je kwana biyu ko uku kafin aikin don a samu lokacin tantance jininsu.